Igiyar da ke Turke na Sha Huɗu

Litinin, 6 ga Oktoba, 6:40 na yamma

Wata shida da kwana biyar ke nan da na fara aiki da ƙungiyar sintirin daji ta ƙauyenmu. Shekara huɗu na yi a jami'a ina nazarin gansakuka, ga ni yau ina tsintar shara a Aokigahara, dajin da ya yi suna da masu zuwa kashe kansu.

Abin da na kwaso yau: gwangwani 23, karyayyar laima ɗaya, igiyar leda mita 96. Igiyar duk ta masu ɗaukar bidiyo ce. Su ɗaura ta a bakin hanya, su kutsa daji suna warwarewa don kada su ɓata, su yi ta ihu wai sun ga fatalwa, su fito su bar mana ƙazanta. Wani ɗan gayu daga Tokyo ya tare ni da kamfas, wai da gaske allurar tana haukacewa a nan? Na ce ya ɗaga shi daga kan dutse zuwa ƙirjinsa. Ya ɗaga, ta nuna arewa. Sai ya ɓata rai kamar na ƙwace masa abinci.

Osano-san, abokin sintirina, shekararsa 68. Kullum sai ya rusuna wa daji kafin ya shiga. Malama Digiri yake kira na. Sunana Amemiya Chigusa, na gaya masa ya fi sau goma.

Talata, 7 ga Oktoba, 12:30 na rana

Na ga farar igiya sabuwa kusa da turke na 6 cikin turakan lamba da ke gefen hanya, na zaro almakashi. Osano-san ya riƙe min hannu.

"Tsaya, Malama Digiri. Tsohuwa wadda ruwa ya cinye, kwashe ta yadda kika ga dama. Sabuwa kuwa ba a taɓa ta daga baki. A bi ta har ƙarshe, a ga abin da ke can, sannan a naɗo ta ana dawowa."

"A wane shafi na littafin dokoki aka rubuta haka?"

"A shafin da ba a koya muku ba. Ba 'yan bidiyo kaɗai ke ɗaura igiya ba. Wanda ya zo da niyyar kada ya koma gida, in kika ga ya ɗaura igiya, to bai gama yanke shawara ba."

Muka bi ta minti arba'in. A ƙarshenta: gwangwanin giya huɗu da safa ƙafa ɗaya.

Na duba littafin sintiri. Tun watan Afrilu an bi sababbin igiyoyi 31. Sau 31 shara aka tarar. Da na gaya masa sai ya ce, "To, madalla da su." Amsar ke nan. Mutum ya shekara arba'in a aiki bai san amfanin ƙididdiga ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, 7:15 na yamma

Wata ɗabi'arsa da ke ba ni kunya: duk wanda ya gani shi kaɗai a hanya sai ya manne masa. Daga ina? An ci abinci? Ga alewa. Yau wani bawan Allah mai ɗaukar hoton tsuntsaye ya sha labarin gwiwar Osano-san na minti ashirin.

Kajihara-san mai shago a filin ajiye motoci ta fi shi. Tana sayar wa baƙi shayi tana gaya musu wai da magariba tana jin ana kiran sunanta daga cikin bishiyoyi. Na ce mata iska ce ke bi ta ramukan dutse.

"Chigusa-chan, ke ko fatalwa ta zo miki sai kin ce ta cike fom."

Kowa ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Gobe za a yi wa Osano-san aikin gwiwa, sai Litinin zai dawo. Kwana huɗu ba labarin gwiwa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 6:05 na yamma

Sintiri ni kaɗai. Na gama da minti hamsin kafin lokacin da muka saba.

Da safe samari uku da kyamara sun shiga ta hanyar kudu, ɗaya ya yafa farin zane yana gwada tafiyar fatalwa. Da 1:20 na ga aikinsu: igiya rawaya, sabuwa fil, an ɗaura a turke na 14 ta shige yamma.

Littafin dokoki, shafi na 9: a kwashe duk shara. Shafi na 11: mai sintiri shi kaɗai kada ya wuce mita 200 daga hanya. Na bi ta ina kwancewa ina naɗewa. A mita 187 akwai rami a gaba, ƙulli na gaba kuma ya wuce iyaka. Na yanke a nan, na dawo. Na rubuta a littafi. Dokoki biyu, na cika duka.

Ƙullin sun ba ni wahala. Kowane a daidai tsayin kafaɗa, kowane ninki biyu, matsattse. Samarin nan ashe akwai abin da suka iya.

Juma'a, 10 ga Oktoba, 7:50 na safe

Akwai ƙaramar mota fara a ƙarshen fili, lambar garin Numazu. Raɓa ta rufe gilashinta. Jiya ma tana nan.

Juma'a, 5:30 na yamma

Mutane suna barin mota su hau bas zuwa tafki. Ana yi kullum.

Asabar, 11 ga Oktoba, 8:00 na safe

Motar tana nan.

Asabar, 6:45 na yamma

Kajihara-san ta kira 'yan sanda. Dole, ai ta samu labarin da za ta yi wata guda tana bayarwa. Mai motar Ishiwata Norio ne, shekara 54, mai ɗinkin tabarmin ɗaki. Tun Alhamis bai koma gida ba.

Ɗan sanda ya tambaye ni ko na ga wani shi kaɗai ranar. Na ce na ga namiji mai rigar sanyi ruwan toka da 9:10, kusa da turke na 3. Ya rusuna min, na rusuna masa.

"Kin yi masa magana?"

"Ba ya cikin aikina."

Ya rubuta. Bai tambaye ni wani abu ba. Ni kuma abin da aka tambaye ni na amsa.

Turke na 3 yana hanyar arewa, don haka gobe can za a nema.

Lahadi, 12 ga Oktoba, 12:10 na rana

Masu nema 38: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana na sa-kai, da manoman da suka zo kallo da sanda a hannu. Rabin safiya ta tafi a gardamar wa zai riƙe taswira. Masu bidiyo sun ji labari, mota biyar. Wata yarinya ta shafa janbaki kafin ta fara kuka a gaban kyamara.

Yayarsa ta zo, Fumie-san. Gajeriya, gashi ya yi fari, ta zo da dunƙulen shinkafa guda arba'in ta raba wa masu nema tana ba kowa haƙuri. Ta ba ni biyu. Ban san me ya sa mutane ke ganin shinkafa na gyara abu ba.

Lahadi, 6:20 na yamma

Na shiga shago sayen ruwa. Fumie-san na zaune da Kajihara-san.

"Shagon ya mutu tun bara," in ji ta. "Yanzu wa ke son tabarma? Amma shi mutum ne mai tsari. Na duba ɗakin aikinsa, komai na wurinsa. Naɗin igiya ɗaya ne babu, rawaya, wadda yake ɗaure tabarmi da ita in zai kai wa mai shi."

Kajihara-san ta ce, "Chigusa-chan, kin ga igiya?"

Na ce igiya kam kullum muna gani.

Igiya rawaya ana sayar da ita a kowane kanti a ƙasar nan. Na san kantuna uku a garin nan kaɗai.

Ban ci shinkafar ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, 5:55 na safe

Daren jiya sanyi ya sauka zuwa digiri 7. An yi ruwa Asabar. Mutum yana iya kwana uku ba ruwa, in da ruwa ya fi haka. Na karanta wannan ne kawai.

Litinin, 7:30 na yamma

Osano-san ya dawo da sanda. Kafin ya cire hula ya buɗe littafin sintiri, kamar yadda yake yi kullum. Na ga yatsansa yana bin layi. Ya tsaya.

"Rawaya, turke na 14, mita 187." Ya ɗago. "Sabuwa?"

"Ta samarin nan ce."

"Kin ga sun ɗaura?"

"Sun bi ta kudu."

"Na ce kin ga sun ɗaura?"

Na sake duban littafin.

"Kin bi ta har ƙarshe?"

"Shafi na 11 ya ce..."

"Ɗauko jakarki, Amemiya-san."

Karo na farko ke nan da ya kira ni da sunana. Ashe ban so ba.

Ya kira shugaban masu nema, aka ba mu mutum shida. Da gwiwar da aka ɗinke kwana huɗu da suka wuce ya bi kan duwatsun nan. Ni ce a gaba, don ni na san bishiyoyin. Na san su sarai. Ina iya zana su.

A bishiyar ƙarshe, inda na yanke, babu igiyar da ta shige ciki. Na ce a raina to shi ke nan, samarin sun kwashe abinsu. Sai Osano-san ya nuna gindin bishiyar da sanda.

Naɗin igiya rawaya ne, dunƙule guda, an ajiye a kan saiwa, an cusa bakin a ciki don kada ya warware. Gefensa kwalbar shayi ba komai, a tsaye, da murfinta.

Ɗaya daga cikin 'yan kwana-kwana ya ce, "Me ke nan?"

Osano-san ya ce, "Ya je can ciki. Ya juyo. Yana tafe yana naɗe abinsa don kada ya bar mana shara. Ya iso nan."

Bai ƙarasa ba. Na tsaya a wurin na juya ko'ina. Gabas da yamma duk ɗaya ne, saiwa, gansakuka, dutse. Ba a ganin hanya. Ba a jin mota. Mita 187. Ina tafiyar da ta fi haka daga ofis zuwa tashar bas.

Talata, 14 ga Oktoba, 8:10 na dare

An dawo da neman turke na 14. Mutum 52, kare biyu. Babu.

Laraba, 15 ga Oktoba, 7:00 na yamma

Babu. Ramuka 64 aka leƙa, ni na riƙe lissafin. Wani manomi ya ce daji ne ya riƙe shi. Daji! Kamar daji yana da almakashi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 6:30 na yamma

Mako guda.

Samarin nan uku sun saka bidiyonsu. Na kalla sau biyu. Ko taku goma ba su yi daga hanya ba. Ba su da igiya. Matsorata, ko wannan ba su iya ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, 5:40 na yamma

An dakatar da nema.

Osano-san ya nuna min rahoton da ya rubuta wa ƙungiya. Ya ce an tarar igiyar ta tsinke.

"Ba tsinkewa ta yi ba."

"Ni na rubuta, ni na sa hannu. Ni ne babba, ni na bar ki ke kaɗai ban ja miki kunne yadda ya kamata ba."

"Ka ja. Ranar Talata, 7 ga wata, da misalin..."

"Ke, rufe min baki da kwanan watanki! Shekararki ashirin da biyu. In sunanki ya fita, 'yan bidiyon nan za su bi ki har ƙofar gidan mahaifiyarki. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Haka ake yi a nan: babba ya rufa, ƙarami ya rusuna, kowa ya koma shan shayi. Kullum ina raina wannan. Yau na rusuna har sau biyu.

Laraba, 22 ga Oktoba, 12:45 na rana

Motar tana nan. Ganye ya taru a kan gilashin. Fumie-san ba ta iya tuƙi ba, sai ta samu wanda zai zo da ita.

Juma'a, 24 ga Oktoba, 6:15 na yamma

Buhun sharar ranar 9 ya kamata ya tafi da motar ranar 10. Ya tafi. Abu ɗaya ne na cire na sa a lokar ajiye kayana ta ofis, a bayan takalmin ruwa. Ban san dalili ba. Na sani.

Kajihara-san ta fara gaya wa baƙi wai tana ganin mutum mai riga ruwan toka a bakin daji. Cinikin shayi ya ƙaru. Na ce mata ta ji kunya.

"Kunyar me, Chigusa-chan? In na ce musu ina ganinsa, sai su riƙa duba gefen hanya. Ke me kike gaya musu?"

Litinin, 27 ga Oktoba, 7:05 na yamma

Wani mutum shi kaɗai a turke na 9, ba jaka, takalmin ofis. Osano-san yana baya da gwiwarsa. Na tsaya. Na buɗe baki ban san me ake cewa ba. Na ce masa gansakukar da yake takawa tana yin shekara goma kafin ta rufe tafin hannu. Ya dube ni kamar mahaukaciya. Na ci gaba. Minti goma sha biyar ina yi masa bayanin gansakuka har Osano-san ya iso da alewa. Mun raka shi tashar bas.

"Kin kusa kashe shi da gundura," in ji Osano-san. "Amma ya hau bas."

Alhamis, 30 ga Oktoba, 1:00 na rana

Fumie-san ta yi waya shago. Asabar za ta zo ɗaukar motar. Kajihara-san ta ce ta ce mata, "An ba ni igiyarsa a naɗe. Da hannunsa ya kwance hanyar komawa. Ko tunanina bai yi ba."

Abin da aka gaya mata ke nan: an samu igiya a naɗe da kwalba. Ba a ce mata a ina ba. Ba ƙarya aka yi mata ba. Na san irin wannan gaskiyar, ni ma na iya ta.

Juma'a, 31 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Kaifin almakashi yana barin baki miƙaƙƙe. Tsinkewa tana barin zare-zare. Duk mai ido zai gani.

Asabar, 1 ga Nuwamba, 7:40 na yamma

Fumie-san ta zo da 10:30 tare da maƙwabcinta mai tuƙi. Ta kawo wa ofis kwalin lemo, tana ta rusunawa, wai sun wahalar da mu. Osano-san ya karɓa. Na je loka na ɗauko igiyar da na yanke, na ajiye a kan tebur gefen lemon.

"Chigusa," in ji Osano-san.

Ban dube shi ba. Na faɗa mata a jere, yadda nake rubuta rahoto. Rana, lokaci, turke. Cewa an koya min kada in taɓa sabuwa daga baki. Cewa na ga ƙullin. Cewa ranar Lahadi na ji ta a shago na yi shiru, kwana guda cur ana nema a arewa. Cewa naɗinsa a daidai inda na yanke aka same shi. Cewa Osano-san ya rubuta a rahoto wai ta tsinke.

Ta ɗauki igiyar ta duba bakin. Ta shafa da yatsa.

"Wato yana dawowa."

"Eh."

"Ba kwance hanya ya yi ba. Dawowa yake."

"Eh."

Ta zauna a kujerar Osano-san ba tare da an ce ta zauna ba. Na yi zaton za ta mare ni, na ma matsa kusa.

"Saura nawa ya fito?"

"Mita 187."

"Kin auna."

"Eh."

"Lallai kin iya awo."

Ban taɓa jin an zagi mutum haka ba. Ni da nake ganin na iya raini.

Ta miƙe ta ce wa maƙwabcin ya je ya sha shayi. Ta ce min, "Mu je ki nuna min."

Osano-san ya ce, "Fumie-san, ƙasan wurin ba kyau."

"Kai kuma ka yi min shiru, Malam Ta-tsinke."

Ya ɗauki sandarsa ya biyo mu.

Daga bishiyar ƙarshe muka fara. Ta tsaya a gindinta, ta kira sunansa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, kamar mai kiran mutum cin abinci. Sannan ta miƙo min igiyar. Na ɗaura.

"Ba haka yake yi ba. Kwance."

Na kwance. Ta nuna min: zagaye biyu, a cusa ta ƙasa, a ja da babban yatsa. Ubansu ne ya koya musu. Na sake.

"Sako-sako. Sake."

Bishiya 29. Sau biyu, sau uku kowace. Osano-san yana riƙe da naɗin yana warwarewa. Da muka iso turke na 14 igiyar ta rage da taku ɗaya, saboda ƙullina sun fi nasa cin igiya. Ta cire ɗankwalin wuyanta ta haɗa.

Ba ta ce ta yafe ba. Ban roƙa ba. Ta ce, "Motar ta zauna tukuna." Suka koma a bas.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, 8:20 na safe

Osano-san ya yaga rahoton ya ce in rubuta sabo da kaina, tunda na fi kowa sanin kwanan wata. Shugaban ƙungiya zai gan ni ranar Talata. Ban san abin da zai biyo baya ba.

Kwana 24. Na san abin da littattafai suka ce game da kwana 24. Ba sai an gaya min ba.

Na bi igiyar da 6:30, shiga da fita. Ƙulli 29, duk suna nan.

Da na fito na tarar da wani yaro mai kyamara a turken, ya kai hannu zai taɓa ɗankwalin.

"'Yar'uwa, wannan irin igiyar fatalwan nan ce?"

"Ta wani ce," na ce. "Yana hanya. Cire hannunka."